Randar Tamo da Ganyen Shayi

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. A bakin rijiya, "Dije, yaya ƙasar Bargu?" A gidan suna, "Dije, da gaske kin shiga jirgin ruwa?" Har waɗanda suka daina gaishe ni tun da suka tuba sun tuna sunana. To ga shi, zan faɗa sau ɗaya a rubuta, tunda ni ban taɓa zama lakkwal, makarantar boko, ba. Wanda bai ji ba ya tambayi wanda ya ji.

Ni mai giya ce. Burkutu nake dafawa a ƙauyenmu, bayan Matankari. Uwata ta dafa, kakata Tamo ta dafa. Ba su bar mini gona ba, ba su bar mini saniya ba. Randa suka bar mini, baƙa, mai faɗin baki, rabinta binne a ƙasa cikin ɗakin baya. Ba a wanke ta. Tun zamanin Tamo ba a taɓa wanke ta ba. Abin da ke manne a cikinta, wanda ku kuke ce wa datti, shi ne ranta. Ka zuba dafaffen ruwan dawa da yamma, da safe ka tarar yana tafasa ba wuta, yana magana. Mu uwa muke ce wa wannan abin. In randa ta daɗe ba a ba ta sabon ruwa ba, uwar ta bushe ta mutu, shi ke nan ta zama randa irin ta kowa.

Na binne maza biyu da ƴaƴa huɗu. Shekarar yunwa dusar giya muka ci. Randar ba ta mutu ba. Bana ne ta kusa.

Da, ranar kasuwa, rumfata ba wurin aje ƙafa. Yanzu saura tsofaffi uku: Arzika, Namata da Bawa Gurgu. In ka haɗa haƙoransu ba su cika bakin mutum ɗaya ba. Sauran, wasu sun mutu, wasu sun tuba, mafi yawa kunya ce kawai. Sun koma ƙetaren hanya, tabarmar Buba mai shayi, suna kurɓar ruwan ɗaci a kofin da bai fi babban yatsa ba, suna leƙen rumfata ta wutsiyar ido kamar wanda ya yi saki yana nadama. Mutum uku ba su shanye randa. Giya kuma ba ta jira, in ta kwana sai tsami, a zubar wa ƙasa. Dawa ba daga sama take faɗowa ba.

Ɗana ɗaya ya rage, Idi. Yanzu Malam Idrisu ne, yana da kanti a Dogon Dutsi, da gemu, da wandon da ke tsoron ƙasa. Yaron kirki ne, ban ce ba. Ya ce mini, "Inna, in anka gama kaka zan zo da mota in ɗauke ki. Kin gaji. Randar ga mu sa mata ruwan sha."

Ruwan sha. Randar Tamo.

Sai wani direban albasa ya tsaya rumfata. Bayan ƙoƙo na biyu ya ce a ƙasar Bargu, can ƙetaren kogi, kafin a kai Kandi, akwai wata mata, Maman Bake, tana sa ganyen shayi a giyarta, mutane har turereniya suke. Direba ne, ya kamata in raba maganarsa biyu in zubar da rabi. Amma na dubi tabarmar Buba na ce a raina: shayi ya kwashe mini mutane, shayi zai dawo da su.

Na dafa ruwan dawa na cika tulu. Na ce wa Arzika ya riƙa zuba wa randa kaɗan-kaɗan har in dawo. Ya dafa ƙirji ya rantse da Doguwa, iskar gidansu. Na san na ba kura ajiyar nama, amma kurar ce kaɗai gare ni.

Daga ƙauye zuwa Matankari kabu-kabu na hau. Mai babur ɗin ya ce in riƙe ƙugunsa. Na ce maza biyu na riƙe wa ƙugu, duk suna ƙasa. Ya ce to in riƙe ƙarfe. Muka faɗi cikin rairayi sau ɗaya, ya ce laifin rairayi ne. Na yarda, don rairayi bai yi musu ba.

A tashar Dogon Dutsi na so in wuce ba tare da ɗana ya gan ni ba. Kantinsa kuwa na kallon tasha. Ina sauka sai ga shi.

"Inna! Lahiya? Ina za ki?"

"Neman ilimi."

Fuskarsa ta yi haske. Ya ce neman ilimi wajibi ne, ko da tsufa. Bai tambaye ni wane ilimi ba, ni kuma ban ga dalilin ɓata masa safiya ba. Ya shiga kanti ya fito da hijabi shuɗi sabo, har ƙasa, ya ce saboda hanya. Ya sa ni mota da hannunsa. Tun daga nan har ƙasar Bargu, sunana Hajiya. Shekaru ina ciyar da gari ba wanda ya tashi ya ba ni wurin zama. Yadi huɗu na shuɗin tufa, sai ga samari na rige-rigen ɗaukar mini kaya.

A cikin mota na zauna kusa da wata Hajiya ta gaske, Rabi, ƴar kasuwar Gaya. Ta ci kujerarta da rabin tawa. Kafin mu kai Doso na san ciwon gwiwarta, da sunan wanda ya yi mata, da abin da za ta yi masa. Ba ta bukatar amsa, shi ya sa muka shaƙu.

A hanya masu kaki sun tsayar da mu ban san sau nawa ba. Duk inda aka samu igiya da ganga biyu, gwamnati ce. Wani ya karɓi katina ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton.

"Wagga ke ce?"

"Ita ce, kahin duniya ta bi ta kanta."

Ya yi wata magana da Faransanci, abokansa suka yi dariya, ya miƙo mini. Ban san me ya ce ba. Allah ya ba shi tsufa ya gani.

A Doso na ci kopto, ganyen zogale da tunkuza, irin na Zabarmawa. Ba laifi. Sun iya ganye, wannan kam. Daga nan ƙasa ta fara yin kore, kore har ya ishi ido. Mutanen wajen ba su san darajar itace ba, ga shi nan tsaye ko'ina ba mai sara.

Gaya muka isa da la'asar. Hajiya Rabi ta ce ba za ta bar ƴar'uwa musulma ta kwana tasha ba, ta ja ni gidanta. Aka kawo shinkafa da kifi. Mu a Arewa kifi busasshe muka sani, baƙi, a naɗe, wanda ya riga ya haƙura da duniya. Wannan kuwa da idonsa yake kallona daga cikin kwano. Na juya shi ya kalli bango, sannan na ci.

Muna wanke hannu ta ce, "Wai ni ban ma tambaye ki ba, mi kike saidawa?"

"Giya."

"Na'am?"

"Burkutu."

Karo na farko tun Dogon Dutsi ta yi shiru. Ta ɗan jawo butarta kusa da ita, kamar zan sa mata wani abu. Amma ta ba ni tabarma, ta ba ni gidan sauro. Gara da ta ba ni. Sauron Gaya ba cizo yake ba, awo yake. Da safe tana rako ni bakin ƙofa ta sassauta murya.

"An ce dusar abin nan taku na sa rago ƙiba. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"To in kin dawo ta nan mu yi magana."

Ga mutum haramun ce. Ga ragon layya kuwa, sai malamai sun duba.

Sai kogi. Ni ruwan da na sani shi ne na rijiya, wanda sai ka ja igiya har hannunka ya yi kanta kafin ka gan shi. Nan ga ruwa kwance a banza, ba mai gadinsa. Ga gada kuma, doguwa, kyakkyawa, ba kowa a kanta. An ce manya sun yi faɗa sun rufe ta. To manya sun rufe sama, ƙanana na wucewa ta ƙasa. Duk abin da ya kamata ya bi gada yana cikin jirgin katako: buhunan albasa, babur, akuya, wata mata da katifa a kai, da ni.

Mai jirgin ya ga yadda na riƙe katako. Ya ce, "Hajiya, kin iya iyo?"

"A'a."

"To in mun kife, riƙe buhun albasa."

"Shi ya iya?"

"Bai iya ba, amma mai shi zai zo nemansa."

Jirgin na shan ruwa ta ƙasa, wani na kwashewa da ƙwarya yana waƙa. Na rufe ido na kira Allah, na kira Tamo, na kira duk wanda ke kusa. Da muka taɓa ƙasa akuyar ce ta fara fita, ni na biyu, kuma ban ba ta rata mai yawa ba.

Malanbil, inda jirgin ya sauke mu, kasuwa ce da aka ɗora wa gari. Kowa na jin Hausa in zai sayar maka, in kai ne mai tambayar hanya sai Hausar ta gudu. Da ƙyar na samu motar Kandi, ƙarama, an cusa mu kamar goro a huhu. Wani ya zauna tare da direba a kujera ɗaya, har ban san wanne ke tuƙi ba. Na ce a sauke ni ƙauyen Maman Bake mai cukutu, don haka suke kiran burkutu can. Direban ya dubi hijabina ta madubi, ya ce in sake faɗa.

Gaisuwar Bargawa ita ce abu na farko da ya ba ni wuya. Mu a nan ka tsaya ka tambayi gida, gajiya, sanyi, ka wuce. Su sai an durƙusa. Kai ka durƙusa, shi ya durƙusa, ku yi ta gunaguni a maƙogwaro kamar kurciyoyi biyu, ba mai son ya riga tashi. Gwiwoyina sun tsufa. Na durƙusa wa wata tsohuwa a bakin gari, sai da aka ɗaga mu duka biyu.

Rumfar Maman Bake ba a bayan gida take ba kamar tawa. Tsakiyar gari take, ƙarƙashin mangwaro, da rana tsaka. Maza, mata, tsofaffi, wani da rigar aiki, wani da fartanya, kowa da ƙoƙonsa a hannu, ba mai waige. Aladu na yawo tsakanin ƙafafunsu kamar dangin gida. Na tsaya na daɗe ina kallo. Na manta yadda rumfa cikakkiya take ƙara.

Sai suka gan ni. Shuɗin hijabi har ƙasa a bakin rumfar giya.  Wani ya tura ƙoƙonsa bayan ƙafa. Ashe ko can akwai masu kunya. Wata mata gajera, kakkaura, da wuyan hannu kamar taɓarya, ta taso tana goge hannu a zane. Maman Bake ke nan. Hausarta ta kasuwa ce, amma ana ganewa.

"Hajiya, mijinki ba ya nan. Ko yana nan, bai sha ba."

"Mijina na ƙasa. Ba ni ƙoƙo."

Ta ɗebo, ta kurɓa tukuna kamar yadda ake yi, ta miƙo mini. Na zuba wa ƙasa nata, na sha. Na ce dawarta ja ce, kuma ta bar ta ta yi tsiro sosai. Ta dube ni. Ta kama hannuna ta juya, ta ga tabon wuta da na bakin tukunya. Ta nuna mini nata, iri ɗaya, wuri ɗaya. Ta juya ta yi wa jama'a wata magana da yarensu, rumfa ta fashe da dariya, wanda ya ɓoye ƙoƙo ya fito da abinsa.

A ɗakinta na sauka. Abinci sakwara, doya da aka daka har ta manta ita doya ce. Ba a tauna ta, haɗiya ake. Ga mai haƙora irin nawa wannan gata ne. Miyar kuwa na tambayi naman mene ne, ta ce in ci tukuna. Na ce na ƙoshi tukuna.

Washegari na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Daga ƙasarku kika taso saboda wannan?"

Ta kai ni bayan rumfa ta nuna mini ɗan tulu, wanda bai kai na ɗiyar da ke koyon zuwa rijiya ba. Wannan shi ne giyar shayin da mutane ke turereniya a kai. Masu shanta malamin makaranta ne, da wata mai ba da magani a asibiti, da wani tsoho da ke cewa tana hana shi ciwon kai. Sauran garin giyarsu suke sha yadda kakanninsu suka sha. Malamin ne ma ya kawo dabarar daga bakin teku, ita kuma ta yi don kada ya dame ta.

Allah ya isa tsakanina da direban albasa. Na ce zan zubar da rabin maganarsa, ashe har rabin da na riƙe ruɓaɓɓe ne. Ba ganye ya cika rumfar nan ba. Mutanen ne ba su koyi jin kunyar abin da uwayensu suka sha ba, wannan kuwa ba a ƙulla shi a leda a kawo Arewa.

Amma na riga na ƙetare kogi. Na ce ta koya mini.

Ta ɗebi ganyen shayi tafi ɗaya, irin wanda Buba ke saye, ta ƙulla a farin ƙyalle, ta jefa cikin ruwan sanyi a ƙwarya, ta rufe. Ta zauna.

Na ce, "Ina wutar?"

"Ba wuta."

"Shayi ba wuta?"

"Ya kwana a ruwan sanyi. Gobe in giya ta tashi, ki ɗebi wadda za ki ɗeba a wani tulu dabam, ki zuba ruwan a kai. Kada ki kai shi babbar tukunya. Uwa ba ta son baƙo."

Ni ƴar ƙasar shayi ce, ko ban sha ba na gani. A wurinmu ganye sai an dafa shi har ya roƙi gafara, a juye, a sake dafawa, a sake, sai ya faɗi duk abin da ya sani. Wai wata Babargiya za ta koya mini shayi da ruwan sanyi. Na ce ta ba ni ganye da gawayi ta ga yadda ake yi. Ta ba ni, ta koma gefe ta naɗe hannu.

Na dafa shi irin dafuwar samari a fadarsu ta shayi, ya yi baƙi, ya yi kauri. Na zuba a ƙwaryar giya na motsa. Na kurɓa. Bakina ya tattare kamar bakin jakar da aka ja wa zare. Ɗaci ya bi ta kunnena. Na haɗiye don mutunci, na ce ya ɗan yi ƙarfi. Aka miƙa wa wani mashayin garin, wanda aka ce bai taɓa mayar da ƙoƙo da saura ba. Ya kurɓa, ya dube ni da idon tausayi, ya zuba wa alade. Alade ya sansana ya tafi.

Nata kuwa, da safe, na sha. Giya ce, ba ta canja suna ba. Sai can bayan ka haɗiye wani ɗan ƙamshi ya taso, da ɗan ɗaci mai ladabi wanda ke wanke tsamin daga harshe. Na ce ba laifi. Ta ce ta ji yadda mutanen ƙasarmu ke yabo.

Ranar da zan taho ta ciro wani abu daga jikin bango, tsumma ne saƙaƙƙe kamar ɗamara, ya bushe ya yi tauri, yana wari kamar akuyar da ta sha ruwan sama. Ta ce uwarta ke nan. Su ba a randa suke ajiye ta ba. Tsumman suke tsomawa cikin giya, su shanya, in za a sake dafawa a jefa shi ciki. Ta yanka biyu ta ba ni rabi. Ta ce a wurinsu mai dafawa ba ta sallamar mai dafawa hannu wofi.

Na ce ina da uwa a gida, tun ta kakata.

Ta ce, "Riƙe dai. Ba ta cin tuwo."

Uwa a tsumma, rataye a bango kamar matacciyar jaba. Na karɓa don kada a ce mutanen Arewa ba su da tarbiyya. Na ɗaura a ƙugu ƙarƙashin hijabi. Amfaninsa na farko a mota na gani: ba wanda ya matse ni har Malanbil. A bakin kogi wani mai kaki ya ce mene ne a ƙuguna. Na ce gadon wata mata ne. Ya matso, ya shaƙa, ya ce in wuce da sauri.

Ban tsaya wurin Hajiya Rabi ba, ragonta ya yi haƙuri. Ban tsaya kantin ɗana ba. Hankalina na ɗakin baya.

Tun daga bakin gida na san an yi ɓarna. Tsakar gida a share, tukwane a kife a jere, har murhu an kwashe masa toka. Arzika na zaune a rumfa, ya ga ni ya sunkuyar da kai.

"Dije, sannu da hanya. Wallahi kwanan farko na ba ta. Na biyu ma na ba ta. Sai tulun ya fara tashi da kanshi, na ce kada shi lalace..."

Ban tsaya ji ba. Sai ga Saratu, matar ɗana, ta fito da tsintsiya tana murmushi. Ƴar birni ce, yarinya mai ladabi. Idi ya aiko ta ta gyara mini kaya kafin ranar tashi.

"Inna, sannu da zuwa! Na gyara ko'ina. Randar nan ta ɗaki ce ta ba ni wuya. Wallahi Inna, dattin da na fitar! Sai da na sa soso da sabulu da toka, har hannuna ya yi ciwo."

Na shiga. Na leƙa. Cikinta ja, tas, kamar yau aka fito da ita daga wuta. Ƙamshin sabulu. Na sa hannu na shafa, ba komai. Abin da yunwa ba ta kashe ba, abin da wa'azi bai kashe ba, ladabi ya kashe shi da rana ɗaya.

Saratu na bakin ƙofa tana jiran yabo.

Na ce, "Sannu da aiki, ɗiyata."

Me zan ce? Ba ta sani ba. Ba wanda ya gaya mata, kuma wanda ya aiko ta ya san abin da bai gaya mata ba.

Da ta koma birni na jiƙa dawa. Na bar ta ta yi tsiro, na shanya, na niƙa, na dafa, na tace, na zuba a randa kamar kullum. Da safe na sa kunne. Shiru. Ruwan dawa kwance kamar gawa. Na zauna gabanta har rana ta yi tsaka. Ban yi kuka ba, na gama nawa tuntuni. Sai warin nan ya taso mini daga ƙullin kayan tafiya.

Na kwance tsumman Maman Bake. Na ce, "Tamo, ki yi haƙuri, baƙuwa ce." Na jefa.

Washegari tun daga tsakar gida na ji ta.

Tsofaffina uku suka zo. Arzika ya kurɓa, ya juya a baki, ya ce, "Wagga ba giyar Tamo ba ce." Na ce giyar Tamo na cikinsa, shi ya shanye ta ƙarshe, in yana kewarta ya dafa cikinsa. 

Na jiƙa ganye a ruwan sanyi kamar yadda aka koya mini, na haɗa ɗan tulu dabam. Namata ya ce in zuba a butar shayi in raba a ƙananan kofuna, masu kunya su zo su zauna, mai wucewa ya ɗauka shayi ne. Na ce giya ce, a ƙoƙo ake shanta. Wanda ke son ɓuya ya shiga rami.

Su ukun suka shanye tulun. Abin da Maman Bake ba ta gaya mini ba shi ne wannan: da, in sun sha, kafin azahar sun yi barci kamar buhuna. Yanzu giya na cewa kwanta, shayi na cewa tashi. Ga maye ga ido biyu. Bawa Gurgu ya tuna Namata ya ci masa iyakar gona tun shekarar yunwa. Namata ya tuna wanda ya gurgunta Bawa jaki ne, ba doki ba kamar yadda yake faɗa. Arzika ya shiga raba su ya tono nasa. Murya har kasuwa. Mutanen tabarmar Buba suka fara juyowa. Ɗaya ya taso don ya ba da shaida a kan iyakar gonar. Shaida ba ta yiwuwa a tsaye, ya zauna. Maƙogwaro ya bushe. Wani ya biyo shi don ya ƙaryata shi.

Ba zan yi muku ƙaryar direba ba. Rumfa ba ta cika ba, kuma ba za ta cika ba. Amma ranar kasuwa randa na ƙarewa kafin ta yi tsami. Buba ma bai yi asara ba, wurinsa nake sayen ganyen.

Da aka gama kaka Idi ya zo da mota kamar yadda ya ce. Ya gaishe ni, ya ƙi kallon rumfa, ya ce ina kaya. Na ce ya biyo ni. Ya tsaya bakin ɗakin baya, ba ya son shiga. Ba sai ya shiga ba, daga nan ana ji. A jikin randar nan yake barci yana jariri, in na aje shi wani wuri sai kuka.

Ya daɗe yana saurare.

"Na ɗauka ta mutu," in ji shi.

"Ka so."

 Ya sake karkata kunne. Ya ce a hankali, "Inna, ba muryarta ba ce."

"Ta yi tahiya. Bargance take yi yanzu."

Ya dubi ƙasa. Na ga gefen bakinsa ya motsa cikin gemu, ya danne. Ya ce to ilimin ke nan da na je nema? Na ce shi ke nan, kuma shi ya sa ni mota. Ya sauke buhun shinkafar da ya zo da shi, ya ce zai dawo baɗi. Na ce ya dawo, hanya ba tawa ba ce. Motar ta koma yadda ta zo. Hijabin na ninke na ajiye, ina sawa in zan je gidansa, don shi ma yana da rumfar da yake karewa.

To kun ji ƙasar Bargu. Akwai ruwa, akwai sauro, akwai mace ɗaya mai hankali. Wanda ke da sauran tambaya ya zo ranar kasuwa, ya zo da ƙoƙonsa, kuma ya shigo ta gaba.